Ƴan tsaki na mutuwa, manyan kaji na haki: amsa ga wata mai kiwo a bazarar Tawa

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a nan Tawa. Ina da kajin gida 12 da zakara ɗaya a bayan ɗaki. Farkon watan Afrilu na sayi ƴan tsakin gona na nama guda 30, ƴan kwana ɗaya. Wanda ya sayar mini ya ce in kunna musu ƙwan lantarki dare da rana har sati biyu. Na sa su cikin ɗan ɗakin kwano da muke ajiyar tarkace, na rufe ƙofa saboda mussa. Cikin kwana huɗu, tara sun mutu. Manyan kuma tun da hantsi sai haki, baki buɗe, ƙwai ya ragu, wanda suke yi ma ɓawonsa kamar takarda. Ciwo ne ya shigo mini ko zafi ne? Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri, ya tsare sauran. Kin haɗa tambayoyi biyu wuri guda: me ya kashe ƙananan, me kuma ke damun manyan. Daga abin da kika faɗa, na fi zargin zafi a duka biyun, amma ba rana kanta ba. Rufin kwano, ƙofa a rufe, da ƙwan lantarki mai ci da tsakar rana, su ne suka taru suka yi miki wannan ɓarna a ƴan tsakin. Mai sayar da tsakin bai yi miki ƙarya ba, ya dai ba ki shawarar watan Janairu ne a watan Afrilu.

Abin da zafi ke yi wa kaza

Jikin kaza ya fi namu zafi tun asali. Namu digiri 37 ne, nata 41 zuwa 42. Ga gashi ya lulluɓe ta, kuma ba ta yin gumi ko kaɗan, Allah bai yi ta da shi ba. Hanyoyin da take fitar da zafi kaɗan ne: ta saki fikafikai iska ta shiga ƙarƙashinsu, jini ya taru a zanko da leɓe da ƙafafu ya huce, ta tona ƙasa ta kwantar da ƙirjinta a wuri mai sanyi. In duk waɗannan sun gaza, sai haki. Babbar kaza ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Da an doshi 30 za ki ga ta fara buɗe baki. To ki duba Tawa a Afrilu da Mayu, inda zafin rana ke wuce 40 kusan kullum, wata rana ya kai 45. Iskar da ke kewaye da kazar ta yi daidai da zafin jikinta, ko ta fi shi. Ina za ta zubar da nata?

Hakin nan kuwa ba kyauta ba ne. Yana cinye ruwan jikinta, shi ya sa kazar da ke shan kamar rubu'in lita a yini lokacin sanyi take iya shan rabin lita ko fiye a bazara. Yana kuma fitar da iskar kabon daga jini fiye da ƙima, alhali daga sinadarin wannan iska ne, haɗe da kalsiyam, jikinta ke gina ɓawon ƙwai. Ga ta kuma ta rage cin abinci, domin narkar da abinci ma zafi yake ƙara mata. Abinci ya ragu, kayan ginin ɓawo sun ragu, sai ƙwai ya ragu, wanda ya fito ya zo da laushi. Abin da kike gani a manyan kajinki ke nan, kuma yawanci yana komawa daidai idan aka sauke musu zafin.

Ƴan tsaki: ɗumi suke so, ba gashi ba

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Tsako a satinsa na farko bai iya riƙe zafin jikinsa da kansa ba, yana buƙatar wuri mai digiri 32 zuwa 35. Daga nan ana rage kamar digiri 3 kowane sati, har gashinsa ya cika wajen sati biyar ko shida. Wannan shi ne asalin maganar ƙwan lantarki, kuma a lokacin ɗari gaskiya ce tsantsa. Amma a Afrilu, iskar Tawa da rana ta riga ta wuce abin da tsakon ke nema. Kin ƙara masa kwano a sama, wanda da azahar hannu ba ya iya taɓa shi, kin ƙara wuta, kin toshe iska. Tanda aka sa su.

Sa'an nan ki tuna hanyar da suka biyo. Yawancin tsakin gonar da ke shigowa Tawa daga nesa suke, ko ta Ƙonni ko daga Yamai mai nisan sama da kilomita 500, cikin kwali, wani lokaci a bayan mota. Sauran ƙwanduwar da ke cikin tsako tana riƙe shi kwana biyu zuwa uku ba tare da abinci ba, amma ba ta mayar masa da ruwan da zafi ya tsotse. Da yawa suna isowa a bushe. Ki ɗauki tsako ki dubi ƙafarsa: mai lafiya ƙafarsa cike take tana sheƙi, wanda ƙishirwa ta ci ƙafarsa ta yamutse kamar busasshen kara. Shi ya sa duk lokacin da na karɓi sababbin tsaki, ruwa nake fara ba su kafin abinci. Lita ɗaya, cokali uku na sukari, in kama kowane in tsoma ɗan bakinsa sau ɗaya ya gane wurin. Bayan awa biyu ko uku sai abinci. Ruwan sukarin na yinin farko ne kawai, gobe a koma ruwa zalla.

Ga 21 da suka rage, yau ɗin nan ki fitar da su daga ɗakin kwanon. Ki nemi wuri mai inuwa da iska, ƙarƙashin rumfar zana ko zaure na ƙasa. Ki kewaye musu fili kamar mita ɗaya da rabi da kwali ko tsohuwar tabarma, tsayinsa ya kai gwiwa, ki rufe sama da ragar waya. Raga ita ce maganin mussa da ɓera, ba rufe ƙofa ba. A ƙasa ki shimfiɗa ɓuntu ko ƙaiƙayi busasshe. Ƙwan lantarki a kashe shi tun da hantsi, kada ya sake kamawa sai dare ya raba, lokacin da iskar asuba ke saukowa ƙasa da abin da suke so. Ki rataye shi gefe ɗaya, ba tsakiya ba, domin wanda ya ji zafi ya sami wurin gudu. In an ɗauke wuta, garwashin da ya gama hayaƙi cikin tukunyar ƙasa mai murfi ya isa, ko ma buhu da aka yafa kan rabin ragar. A wannan wata, bayan kwana bakwai zuwa goma ba sa ma buƙatar komai da dare.

Ma'aunin zafi na da amfani in kina da shi, amma tsakin kansu sun fi shi faɗin gaskiya. In kin leƙa kin ga sun dunƙule ƙarƙashin wuta, wani kan wani, suna tsuwa da ƙarfi, sanyi suke ji. In sun watse can jikin kwali, baki buɗe, fikafikai a sake, sun yi tsit, zafi ne. In kuwa suna warwatse ko'ina, wannan na ci, wancan na sha, wani ya miƙe ƙafa yana barci kamar matacce, to kin dace. Na sha ganin sabon mai kiwo ya firgita da wannan barcin, ya taɓa tsakon ya zabura da gudu.

Abu biyu ƙanana da ke kashe tsaki a zafi ba a lura ba. Na ɗaya, kashi yakan bushe ya toshe musu dubura. Kowace safiya ki juya su ki duba, in kin gani ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ki goge a hankali, kada ki fizge. Na biyu, tsako mai jin zafi yakan faɗa cikin ruwan sha, ya nutse ko ya jiƙe sanyin asuba ya kama shi. In ba ki da mazubin ruwa irin na kanti, ki zuba tsakuwa cikin kasko marar zurfi, ruwan ya tsaya tsakanin duwatsun.

Ruwa da inuwa

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak, ruwa zan zaɓa, kuma ba yawansa kaɗai ba, sanyinsa. Kaza ba ta son ruwan da ya yi ɗumi, in ya kusa zafin jikinta sai ta ƙaurace masa ko da ƙishirwa na cinta. Ni wannan darasin da asara na saye shi. Wata bazara na yi tafiyar yini ɗaya ƙauye, na bar wa yaro kaji, na ja masa kunne kada mazubi ya bushe. Bai kuwa saɓa ba. Sai dai daga bidon da ke zaune cikin rana yake ɗiba. Da na dawo bayan la'asar, mazubai cike fal, kaji bakwai a kwance, kuma manyan cikinsu ne, waɗanda na riga na yi wa kuɗi a zuciya. Na tsoma hannu cikin ruwan, ya isa a dama koko. Tun daga ranar, randa nake ajiye wa kaji tasu daban a inuwa, bisa jiƙaƙƙen rairayi, kuma kasko na fi so da roba, domin ƙasa na riƙe sanyi. A canja ruwa sau uku: da safe, kafin azahar, da la'asar. In akwai ƙanƙara, a jefa dunƙule ɗaya da rana tsaka. A kuma rarraba mazubai biyu ko uku, saboda kazar da ta galabaita ba za ta ratsa rana ta je neman ruwa ba, ga kuma manya masu korar ƙanana.

Game da abin da ake zubawa a ruwa: garin bitamin da gishirin jiki da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi, musamman mai bitamin C, yana taimakawa a kwanakin da zafi ya tsananta. Ki bi awon da aka rubuta jikin fakitin, kwana uku zuwa biyar, sai a huta. Wasu na jefa kanwa, kuma akwai hikima a ciki, tunda tana da dangin sinadarin da haki ke ragewa. Amma kanwa ba ta da awo, wata ta fi wata ƙarfi, in ta yi yawa sai zawo, ga ƴan tsaki kuwa gishiri kaɗan ke kashe su. Ni ba na ba tsaki ita sam. Abin da nake roƙon ki bari shi ne kafso ja da rawaya da ake fasawa cikin ruwa duk lokacin da kaza ta yi laushi. Ba ya maganin zafi, kuɗi ne kawai ake zubarwa, ranar da ciwon gaske ya zo kuma a tarar maganin ya daina ci.

Inuwa kuma iri-iri ce. Ta itace ta fi kowace, dogon yaro ɗaya a tsakar gida ya fi rumfar kwano uku. Bayan ita sai zana da karan gero. In akurkinki na kwano ne kuma ba halin sakewa, ki ɗora masa kara ko zana a sama, da ɗan tazara tsakaninsu in zai yiwu, ko a shafe bayan kwanon da farin fenti. A fasa bango a sa raga ta kudu da arewa iska ta ratsa, gabas da yamma su kasance a tsare tunda ta nan rana ke shigowa. Akwai gwajin da nake sa kowa ya yi: ƙarfe biyu na rana ki shiga akurkin, ki tsuguna har kanki ya zo daidai da kan kaza, ki yi minti biyar. In kin kasa, su ma ba iyawa suke ba, hanyar fita ce ba su da ita. Da dare ma haka, bangon siminti da kwano na amayar da zafin da suka sha, kaji sun cunkushe a ciki. Kazar da ta samu dare mai iska takan jure rana mai tsanani, wadda ba ta huce da dare ba ita ce ke faɗuwa washegari. Manya kada su wuce uku ko huɗu a fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi.

A gidana akwai wani lungu gindin itace da nake zuba wa bokiti ɗaya na ruwa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin in juya sun iso. Kowace ta tona ɗan gurbinta, ta nutsa ƙirji cikin damshin, ta baje fiffike ɗaya, ta lumshe ido, har zakaran ya manta da sarauta ya kwanta cikinsu. Ba sa tashi sai inuwa ta karkata. Damshi ake so, ba caɓi ba, kuma a waje, ba cikin shimfiɗar akurki ba, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke haifar da zawon jini ga ƙanana. Jiƙaƙƙen buhu da aka rataya ta inda iska ke shigowa shi ma yana sanyaya wuri sosai a Maris da Afrilu, lokacin da iska ke bushe ƙayau. Amma ki lura da ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sa'ad da hadari ke haɗuwa ya watse, iska ta yi nauyi, mutum na zaune gumi na zuba. A irin wannan rana ruwa ba ya bushewa da sauri, don haka buhu ba ya aiki, hakin kazar ma ba ya aiki. A abin da na gani, kwanakin nan na gab da ruwan farko sun fi tsakiyar Afrilu kisa. Ranar nan iska mai motsi ce kawai mafita: a buɗe ko'ina, in akwai fanka a kunna.

In kin tarar da babbar kaza ta faɗi, wuya a miƙe, tana haki da ƙyar, ki ɗauke ta ki tsoma ƙafafunta da cikinta cikin ruwan randa na ɗan lokaci, kai a waje, ki jiƙa mata zanko, ki ajiye ta inda iska ke bugawa. Ba ruwan ƙanƙara ba, kuma kada a ɗura mata ruwa a baki, yakan bi ta hanyar numfashi. Tsako kuwa ƙafafu kawai ake jiƙa masa.

Abinci, ƙwai da kwanci

Manya a ba su babban cinsu da sassafe bayan asuba, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana a bar su da ruwa da ɗanyen abu: ɓawon kankana, ganyen zogale, ragowar salati ko kabeji daga masu garka. In kina jiƙa dusa, ki jiƙa wadda za su cinye nan take, a wannan zafin kafin awa biyu ta yi tsami. Gero da dusa kaɗai ba sa riƙe mai yin ƙwai, a haɗa da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, ko garin kifi, ko gara in yara za su samo. Don ɓawo, ki tara ɓawon ƙwai ki gasa ki daka, ko ƙonannen ƙashi, ki ba su da yamma, saboda yawancin ginin ɓawo da dare ake yin sa. Ƴan tsaki ban da su a wannan tsari, abinci ya zauna gabansu koyaushe har su kai sati uku. Daga nan su ma a riƙa ɗauke musu daga ƙarfe goma zuwa la'asar.

Ƙwai a kwashe sau biyu a yini a ajiye kusa da randa, wanda za a sa wa kaza kuma kada ya wuce kwana huɗu ko biyar. Mai kwanci tana bukatar kwana 21, kuma ita ce ta fi kowa shan wuya don ba ta son tashi. A yi mata gurbi a ƙasa cikin inuwa, ruwa kusa da bakinta, ƙwai takwas zuwa goma. Kwanaki ukun ƙarshe a yayyafa ruwa a ƙasar da ke kewaye da gurbin, domin bushewar iska kan sa fatar cikin ƙwai ta manne wa tsako ya kasa fita. In ta ƙyanƙyashe, kada a sake ta da su cikin gari. Uwa ba ta san gajiyar ɗa ba, za ta ja su bisa rairayi mai ƙuna, ga shirwa a sama. Sati uku na farko a tsare su wuri ɗaya a inuwa.

In ba zafi ba ne fa?

Ban ga kajinki da idona ba, kuma amsa daga nesa ba ta maye gurbin wanda ya buɗe gawa ya duba. Ga yadda ake rarrabewa. Mutuwar zafi takan zo tsakanin azahar da magariba, ta ɗauki masu ƙiba, waɗanda suka rage kuma da gari ya yi sanyi sai su miƙe su ci abinci kamar ba su ba. Ciwo ba ruwansa da lokaci. In kin ga koren zawo, majina, wuya na murɗewa, kaza na tafiya da baya, suna mutuwa har da safe, to wannan ya yi kama da annobar Niyukasil. Ta fi yawa lokacin hunturu, amma ba ta da alƙawari da kowa. In kuwa suka zube da yawa dare ɗaya, kai a kumbure, zanko ya yi shuɗi, kada a yanka, kada a ci, a sanar da ma'aikatan kiwo nan take. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa ƙasar nan, an tabbatar da ita a Magarya a 2006, kuma ta sake dawowa bayan nan. Ki kuma ɗauki fitila da dare ki haska tsagogin bangon akurki da ƙarƙashin fikafikai. Akwai wata kaska mai laushi da ke ɓuya da rana ta fito shan jini da dare, bazara ce lokacinta, tana rama kaza ta kuma sa mata zazzaɓi. In wani ya sake mutuwa bayan kin gyara wuri, ki sa gawar a leda ki kai ofishin kiwo da sauri kafin ta lalace.

Rigakafin Niyukasil na satin farko da na Gumboro (ciwon da ke raunana garkuwar jikin ƴan tsaki) wajen sati biyu kada su wuce ki saboda zafi, sai dai a yi su da sassafe, ga tsaki masu kuzari. Maganin ya zo cikin kula da ƙanƙara, wanda ya kwana a aljihu ya mutu. In na ruwan sha ne, kada a haɗa shi da ruwan famfo mai warin jabel, kuma a shanye shi cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Saura magana ɗaya da ba ki tambaya ba. Kajin nama suna kai nauyin sayarwa a sati shida zuwa bakwai. Naki na farkon Afrilu ne, ke nan za su yi ƙiba mafi yawa tsakiyar Mayu, gab da lokacin da na ce ya fi haɗari, su kuwa ba su da juriyar kajin gida, balle irin masu wuya marar gashi da zafi bai cika damu ba. Da ni ne, daga sati na biyar zan fara sayar da manyan cikinsu ko da kuɗin bai kai yadda nake so ba, sauran su sami fili. Zubi na gaba kuma ki jira ruwa ya zauna, ko ki bari sai Nuwamba, lokacin da shawarar ƙwan lantarki dare da rana za ta yi miki aiki.